Daga Kasuwar Gombe zuwa Kan Tsauni: Yadda Ake Gina Masaukin Baƙi

Gabatarwa

Wanda ya shiga kasuwar Gombe da hantsi, ya nufi layin masu sayar da kayan gini, zai tarar da buhunan siminti an jibge su har kusa da rufin rumfa. Zai ga rodi da kwanon rufi da ƙusoshi da gwangwanayen fenti. Idan ya ƙarasa Kasuwar Katako kuma, sai ya ji ƙarar injinan yanka katako tana tashi ta ko'ina. Yawancin waɗannan kaya a cikin gari ake aiki da su, wajen gina gidaje da shaguna da makarantu. Amma wasu sukan yi doguwar tafiya zuwa wuraren da babbar mota ba ta iya kaiwa.

A wannan darasi za mu bi sawun irin waɗannan kaya. Mu ƙaddara cewa ana son gina sabon masaukin baƙi a kan tsaunin Tula, a Ƙaramar Hukumar Kaltungo ta Jihar Gombe, domin masu yawon buɗe ido. Me za a fara yi? Waɗanne matsaloli ne maginin kan dutse yake fuskanta, waɗanda maginin cikin gari bai san su ba? Wa zai amfana, wa kuma zai iya cutuwa?

Me ya sa ake gina masauki a kan tsauni?

Dalili na farko shi ne sanyi. Masana yanayi sun tabbatar da cewa duk lokacin da mutum ya hau sama da mita 1,000, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi a ma'aunin Salshiyos. A watannin Maris da Afrilu, zafin garin Gombe yakan kai digiri 40. A irin wannan lokaci, mutumin da yake kan tudu yakan sha iska mai daɗi, ya yi barci ba tare da fanka ba.

Dalili na biyu shi ne kyan gani. Daga kan tsauni ana hango gonaki da ƙauyuka da koguna a shimfiɗe kamar tabarma. Na uku kuwa shi ne tarihi. Tula, alal misali, tsohon mazaunin mulki ne. Turawan mulkin mallaka sun zauna a can, sun kuma gina kurkuku wanda mutane suke zuwa gani. Jihar Gombe, wadda aka ƙirƙiro daga Jihar Bauci ranar 1 ga Oktoba, 1996, tana da wasu duwatsun da suka yi suna, kamar Dutsen Bima da Dutsen Kilang.

Nijeriya ba baƙuwar wannan harka ba ce. A Jihar Kuros Riba akwai wurin shaƙatawa na tsaunin Obudu, mai tsayin kusan mita 1,600. An kafa shi a shekarar 1951 a matsayin wurin kiwon shanu, daga baya ya zama masaukin masu yawon buɗe ido. A Jihar Taraba akwai tsaunin Mambila, inda ake noman ganyen shayi saboda sanyin wurin. A jihar ce kuma ake samun Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Kusa da Gombe kuwa akwai gandun dajin Yankari a Jihar Bauci, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962. Ko da yake Yankari ba tsauni ba ne, ɗakunan baƙi da ke kusa da ruwan ɗumi na Wikki sun nuna yadda masauki yake jawo mutane su kwana a wuri maimakon su leƙa su wuce.

Mataki na ɗaya: neman fili da yardar jama'a

Babu dutsen da ba shi da masu shi. Inda baƙo ya ga fili kawai, ɗan gari yana ganin gonar kakansa, ko makiyayar awakinsa, ko maƙabarta, ko wurin da ake gudanar da bukukuwan gargajiya. Saboda haka aikin farko ba haƙa harsashi ba ne, zama ne da mutane. A Tula, wannan yana nufin tuntuɓar fadar Mai Tula da dagatai da masu unguwanni da kuma iyalan da suke noma wurin.

Bayan haka sai a bi doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa amanar filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Shi ne yake ba da takardar shaidar mallakar fili. Idan an karɓi gonar wani saboda amfanin jama'a, doka ta ce a biya shi diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-ginen da ke wurin. Akwai kuma dokar 1992 wadda ta wajabta a binciki tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. Cikin ayyukan da ta lissafa har da wurin shaƙatawa na kan tudu wanda girmansa ya kai hekta 50 ko fiye.

Wanda ya tsallake wannan mataki yakan gamu da rigima daga baya. Ginin da aka yi a kan filin da ake jayayya a kansa yakan tsaya a kotu shekara da shekaru, ciyawa ta lulluɓe shi, kuɗin da aka zuba su salwanta.

Mataki na biyu: binciken ƙasa da zanen gini

Idan an sami fili, sai safiyo ya zo ya auna shi. Shi ne zai nuna inda ya yi tudu, da inda ya yi gangara, da hanyar da ruwan sama yake bi. Injiniya kuma yakan haƙa ramuka domin ya san zurfin ƙasa kafin a iske dutse. Wannan bincike yana da muhimmanci, domin idan rabin gini ya zauna a kan dutse, rabi kuma a kan ƙasa mai taushi, ɓangare ɗaya zai lotsa, bango ya tsage.

A nan ne ya kamata a saurari dattawan wurin. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomin da ya shekara arba'in a gindin dutse ya san ta inda guguwar farkon damina take bugowa, ya san kwarin da yake cika da ruwa a watan Agusta, ya kuma san inda duwatsu suka taɓa gangarowa.

Da waɗannan bayanai mai zanen gini yake aiki. A kan tsauni, sau da yawa ya fi kyau a gina ƙananan ɗakuna a warwatse, maimakon bene guda mai tsawo. Ƙananan ɗakuna ba sa buƙatar a fasa dutse da yawa, ba sa tare iska, ba sa kuma ɓata kyan wurin. Akan sa tagogi su fuskanci inda ake hango kwari, domin abin da baƙo ya zo gani ke nan.

Mataki na uku: hanya da jigilar kaya

Yanzu sai mu koma kasuwar Gombe. Jihar ta yi sa'a, domin akwai masana'antar siminti a Ashaka, cikin Ƙaramar Hukumar Funakaye, wadda ta fara aiki a 1979. Buhun siminti guda nauyinsa kilo 50 ne. Babbar tirela takan ɗauki buhu 600, wato tan 30. Daga Gombe, mota za ta bi hanyar Yola, ta ratsa Kumo da Billiri, ta isa Kaltungo. Har zuwa nan babu wata wahala. Wahalar tana farawa ne daga inda aka soma hawa.

Tirela mai irin wannan nauyi ba ta dace da ƙaramar hanya mai hawa da lanƙwasa ba. Dole a sauke kaya a gindin dutse, a loda wa ƙaramar mota. Idan ƙaramar motar buhu 100 take ɗauka, sai ta yi sawu shida kafin ta kwashe abin da tirela ta kawo a sawu ɗaya. Kowane sawu kuwa yana cin mai, da ladan direba, da kuɗin masu lodi. Inda mota ta kasa kaiwa, sai a koma ga baro da jakuna da kan leburori. Shi ya sa buhun da aka saya a kasuwar Gombe yake ƙara tsada kafin ya isa wurin aiki, alhali bai ƙara nauyi ba.

Obudu misali ne mai kyau a nan. Hanyar hawa tsaunin tana da tsawon kimanin kilomita 11, da kwana fiye da 20. A shekarar 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, an kafa wasu ƙananan kekuna masu tafiya a rataye a jikin igiyar ƙarfe, domin ɗaukar baƙi daga gindin tsauni zuwa samansa, tafiyar kusan kilomita 4. Wannan ya nuna cewa a kan tsauni, hanyar isa masauki tana iya cin kuɗi kamar masaukin kansa.

Magini mai hikima yakan rage jigila ta hanyar amfani da abin da yake wurin. Dutsen da aka fasa wajen share fili yana iya zama harsashi da bango da tsakuwa. Abin da ba makawa sai an sayo, kamar siminti da rodi da kwano, shi kaɗai za a hau da shi.

Mataki na huɗu: harsashi da bango da rufi

An fi fara aiki da rani, daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da hanya ta bushe. A gangara ba a haƙa harsashi a miƙe kamar yadda ake yi a fili. Akan yi shi hawa-hawa, kamar matakala, kowane hawa a daidaice. A bayan gini kuma akan yi katangar tare ƙasa. A jikin katangar ana barin ƙananan kafofi domin ruwan da ya taru a bayanta ya riƙa tsiyayewa. Idan babu kafofin, ruwa zai taru, nauyinsa ya ture katangar.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a ƙasarmu. Mutanen Sukur, a Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, sun daɗe suna jera duwatsu ba tare da siminti ba, suna yin gonaki masu hawa-hawa da hanyoyin dutse a jikin tsauni. Saboda wannan fasaha da sauran al'adunsu, hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Wajen kwaɓa kankare, birkiloli sukan yi awo da kwanon sarki. Awon da aka saba da shi shi ne siminti kashi ɗaya, yashi kashi biyu, tsakuwa kashi huɗu. Bayan an zuba kankare, dole a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya yi kwana 28 kafin ƙarfinsa ya cika. Da hunturu, busasshiyar iska takan shanye ruwan da sauri, saboda haka akan rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Wanda ya rage siminti domin ya sami rara, ko ya yi gaggawar ɗora nauyi a kan ɗanyen kankare, yana wasa ne da rayukan baƙin da za su kwana a ɗakin.

Rufi shi ne ya fi shan wahala a kan tsauni. Iskar farkon damina tana iya yaye kwano gaba ɗaya. Don haka akan ɗaure katakon rufi da bango da ƙarfe, a kuma shafa masa maganin gara. Saboda tsawa ta fi faɗa wa wuri mai tsawo, akan kafa sandar ƙarfe a ƙololuwar gini, a haɗa ta da waya zuwa cikin ƙasa, domin wutar tsawa ta bi ta nan ta wuce.

Mataki na biyar: ruwa da wuta da shara

Masaukin da babu ruwa ba masauki ba ne. Garin Gombe yana samun ruwan famfo daga madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, amma wanda yake kan dutse sai ya nema wa kansa. Haƙa rijiyar burtsatse a cikin dutse yana da tsada, kuma ba kullum ake dacewa ba. Wani lokaci sai dai a haƙa a gindin tsauni, a tura ruwan sama da inji.

Hanya mafi sauƙi ita ce tara ruwan sama. Ga lissafin: ruwan sama milimita 1 a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 1 yana ba da lita 1. Idan rufin ɗaki murabba'in mita 100 ne, aka kuma yi ruwa milimita 900 a shekara, abin da zai sauka a kansa lita 90,000 ne. Da indararo da manyan tankuna, ana iya adana kaso mai yawa daga ciki domin rani.

Sai dai a kula da haƙƙin maƙwabta. Idan ƙauye yana da maɓuɓɓuga guda, masauki ya janye ruwanta domin wankan baƙi, matan ƙauyen ne za su yi tafiya mai nisa da tulu. Haka kuma ramin bayan gida da na ƙazamin ruwa, tilas a yi su nesa da inda mutane suke ɗiban ruwan sha, domin duk abin da aka zubar a sama, ƙasa yake gangarowa.

Game da wuta, faifan sola ya sauƙaƙa al'amura. Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba ya kuma buƙatar a riƙa hawa da jarkokin mai kullum kamar janareta.

Haɗurran da ake kiyayewa

Babban haɗari shi ne zaizayar ƙasa. Mazauna Gombe sun san wannan matsala sarai, domin kwaruruka sun ci gidaje da hanyoyi a unguwanni da dama na garin. A kan gangara abin ya fi muni. Idan an sare itatuwa an kankare ciyawa, ruwa yakan kwaso ƙasa ya zuba a gonakin da ke ƙasa. Maganin wannan shi ne a bar manyan itatuwa a inda suke, a gina magudanan ruwa, a kuma dasa ciyawa da zarar an gama aiki.

Haɗari na biyu shi ne maciji. Yankin Kaltungo ya yi suna wajen yawan kububuwa, macijiya mai mugun dafi da take ɓuya a ƙarƙashin duwatsu. Saboda haka ne ma aka kafa asibiti na musamman a Kaltungo domin masu saran maciji. Ya wajaba a ba leburori dogayen takalman roba da safar hannu, a kuma haskaka hanyoyin da baƙi za su bi da dare. Rigakafi ya fi magani.

Bayan an gama gini

Ranar da aka buɗe masauki, ranar ce wani sabon aiki yake farawa. Fenti yana ɓarewa, famfo yana yoyo, hanya tana lalacewa kowace damina. Idan ba a ware kuɗin gyara daga abin da ake samu ba, cikin 'yan shekaru wurin zai koma kango.

Amfanin masauki kuwa yana komawa inda muka faro. Katifu da zannuwan gado da tukwane da sabulu daga kasuwar Gombe za a sayo su. Shinkafa da wake za su fito daga Tudun Hatsi. Manoman tsauni za su sami masu sayen ƙwai da kaji da kayan lambu. Matasa za su zama masu dafa abinci da direbobi da masu yi wa baƙi jagora. Mai jagoran da ya iya Hausa da Turanci da harshen Tula ya fi kowa daraja a irin wannan wuri, domin shi ne zai iya magana da baƙo, ya kuma yi magana da ɗan gari. Wannan yana daga cikin fa'idojin koyon harshen da ba naka ba. Daga ƙarshe, abin da yake sa baƙo ya dawo shi ne yadda aka karɓe shi, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ma'anar wasu kalmomi

- masauki: wurin da baƙo yake sauka ya kwana
- harsashi: tushen gini wanda yake cikin ƙasa
- gangara: wurin da ƙasa ta karkata daga sama zuwa ƙasa
- diyya: abin da ake biyan mutum a madadin asarar da ya yi
- jigila: ɗaukar kaya daga wani wuri zuwa wani a kai a kai
- sawu: zuwa da dawowa sau ɗaya
- indararo: abin da ruwan sama yake bi ya sauko daga rufi
- maɓuɓɓuga: inda ruwa yake fitowa daga ƙasa da kansa
- kango: ginin da aka bari ba kowa a ciki

Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da suke sa a gina masaukin baƙi a kan tsauni.
2. Me ya sa ake zama da mutanen gari kafin a fara gini?
3. Tirela ta kawo buhu 600. Sawu nawa motar da take ɗaukar buhu 75 za ta yi kafin ta kwashe su?
4. Mene ne amfanin kafofin da ake bari a jikin katangar tare ƙasa?
5. Bayyana ma'anar karin maganar nan: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aiki

Ku ziyarci layin masu sayar da kayan gini a kasuwar garinku. Ku tambayi sunayen kaya goma da farashinsu da Hausa, sannan kowa ya rubuta sakin layi biyu a kan abin da ya gani.